Dodo a Gidan Maƙwabta: Omdurman, Talabijin da Begen Zamanin Da

A cikin mako guda na watan Satumban 1964, biyu daga cikin manyan tashoshin talabijin na Amurka suka fito da wasannin barkwanci iri ɗaya kamar sun haɗa baki. Ranar 18 ga wata tashar ABC ta fara nuna The Addams Family, ranar 24 kuma CBS ta biyo baya da The Munsters. Dukansu labarin iyali ne na dodanni masu zaune a tsakiyar unguwar mutane, suna biyan haraji, suna kai yaro makaranta, suna mamakin abin da ke sa baƙo ya ruga a guje da zarar an buɗe masa ƙofa. Ba wanda ya wuce shekara biyu a cikinsu. Na farko ya tsaya a kashi 64, na biyu a kashi 70, duka a 1966, a hoton baƙi da fari, daidai lokacin da talabijin mai launi ke karɓe kasuwa. Duk da wannan gajeren rai, an shafe shekara sittin ana maimaita su, ana juya su fina-finai, har Netflix ta ɗauko 'yar gidan Addams ta gina mata nata shirin, Wednesday, a 2022. Masu kewar waɗannan wasanni sukan ce abin da suke bege shi ne dariya mai tsabta ta zamanin da. A ganina abin ya fi haka zurfi. Abin da wasannin suka yi, wanda ba kowane wasan barkwanci ke yi ba, shi ne sun shigar da mai kallo cikin gidan wanda ake tsoro, suka zaunar da shi a tabarmarsa, ya leƙo duniya ta tagarsa. Ma'aunin da ya dace a auna duk wani begen tsohon talabijin da shi ke nan, kuma birnin da ya fi dacewa mai karatu Bahaushe ya gwada ma'aunin a kansa shi ne Omdurman, inda gidan talabijin na Sudan yake, inda kuma 'yan'uwansa suka daɗe suna zaman maƙwabcin da ake yi wa kallon hadarin kaji.

Dodannin nan ba da dariya suka fara ba. A 1931 kamfanin Universal ya fitar da fim ɗin Dracula, mai shan jinin mutane, da na Frankenstein, halittar da wani likita ya harhaɗa daga sassan gawarwaki, kuma mutane sun firgita da gaske a gidajen silima. Abin da ya sauya su shi ne maimaici. A 1957 aka sayar wa tashoshin talabijin tarin tsofaffin fina-finan tsoro guda 52, suka riƙa nuna su da daddare, yara suka saba da fuskokin har suka zama kamar na dangi. A 1958 aka fara buga mujallar yara mai suna Famous Monsters of Filmland, kafin a ankara dodo ya koma abin wasan yara da ake saye a kanti. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, amma a nan sabo ne ya cire wa dodo haƙori. Su kuwa iyalan Addams tun 1938 suka fito daga alƙalamin Charles Addams, mai zanen barkwanci a mujallar The New Yorker. Wani abin lura shi ne waɗanda suka shirya The Munsters, Joe Connelly da Bob Mosher, su ne suka yi Leave It to Beaver, wasan da ya zama madubin iyalin Bature na kirki a bayan gari. Sun san tsarin ciki da bai, sai suka ɗauke shi yadda yake, suka sauya wa mutanen gidan fuska kawai.

Sauya fuskar nan ita ce dabarar gaba ɗaya. Herman Munster, wanda Fred Gwynne ya fito a matsayinsa, ƙaton mutum ne mai goshi kamar na halittar Frankenstein, yana aiki a kamfanin jana'iza, yana ɗaukar abincinsa na rana zuwa wurin aiki, yana shakkar ɓacin ran matarsa Lily. Surukinsa tsoho, wanda kowa ke kira Kaka, ɗan ci-rani ne daga Transylvania da bai daina zancen ƙasarsu ta asali ba. A gidan akwai 'yar riƙo, Marilyn, farar budurwa irin wadda Amurkawan lokacin ke kira kyakkyawa, amma mutanen gidan tausayinta suke ji, suna ganin munin halittarta ne ke korar samari, alhali samarin fuskar Herman suke gani su tsallake katanga. Mai kallo ya san gaskiya, amma tun da a cikin gidan yake zaune, wanda yake yi wa dariya shi ne ɗan aiken gidan waya da jami'in gwamnati da maƙwabciyar da suka ga mutumin kirki suka tsure. An fara nuna wannan ne wata biyu bayan Amurka ta sa hannu a dokar 'yancin jama'a ta Yulin 1964, lokacin da tambayar wa aka yarda ya sayi gida a unguwar wa take tayar da tarzoma a biranen ƙasar. Ba sai an ce marubutan wa'azi suka zauna rubutawa ba. Ya isa a lura cewa a 2020, bayan kisan George Floyd, wani ɗan guntun wasan na 1965 inda Herman ke gaya wa ɗansa cewa kamanni da launin fata ba su ne ma'aunin mutum ba ya yi ta yawo a intanet, mutane suna kallo kamar jiya aka ɗauke shi.

A watan da ya biyo bayan fitowar wasannin, Oktoban 1964, mutanen Hartum da Omdurman suna kan titi suna kawar da mulkin soja na Janar Ibrahim Abbud. Birnin Omdurman kansa gari ne na baƙi. Kafin 1885 ɗan ƙauye ne a gaɓar yamma ta Nilu. Da Mahadi Muhammad Ahmad ya ci Hartum a watan Janairun shekarar, sai ya zauna a Omdurman, bayan rasuwarsa kuma Halifa Abdullahi ya mayar da wurin babban birni, ya kwaso danginsa Ta'aisha da sauran Baggara daga yamma, aka tara 'yan kogi da 'yan Darfur da fatake da bayi da fursunonin yaƙi a gari guda, har kwamandan Turawan Ingila Kitchener ya rushe daular a Karari ranar 2 ga Satumban 1898. Sunayen unguwanni irin su Masalma da Abbasiyya da Mawrada da Mulazmin suna ɗauke da wannan tarihi. Daga wannan gauraye aka ƙera abin da daga baya aka riƙa kira al'adar Sudan: Larabcin tsakiyar ƙasa, farar jallabiya da rawani, tob ɗin mata, waƙar da ake rerawa a gidan biki. Gauraye ne na gaske, amma da aka gama ƙera shi sai ya manta cewa shi ma haɗe-haɗe ne, ya zama sikelin da ake ɗora kowa a kai.

Mutanen Yammacin Afirka sun riga wannan duka. Hanyar hajji ta ƙasa, daga Kano da Katsina ta Borno da Wadai da Darfur zuwa Sawakin, ta daɗe tana zubar da matafiya a Sudan, wasu don neman guzuri, wasu har abada. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, Hausawa da Fulani da Barebari suna cikin waɗanda suka riƙe fartanyar aikin. Sudaniyawa suka haɗa su duka a suna guda, Fallata ko Takari, a kudancin Hartum kuma aka sami unguwar bukkoki da ake kira Ishash Fallata. Sai doka ta zo ta sa hatimi a kan baƙuncin. Dokar 1948 da ta fayyace wane ne Basudane, da dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 bayan 'yanci, sun sharɗanta cewa kakannin mutum su kasance mazauna ƙasar tun kafin shigowar 1898. Wanda kakansa ya taso daga Burmi ya makara da 'yan shekaru kaɗan. A bakin jama'a kuma akwai wata dokar da ba a rubuta ba: malamin Fallata ya yi suna wajen laya da saiwoyi, ana zuwa gunsa da dare neman biyan buƙata, da rana ana tsorata yara da shi. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, don ya san abin da ke faruwa da gidan da aka laƙaba wa maita a garinsu, yadda ake gaisawa da su a masallaci amma ba a neman aurensu.

Gidan rediyon Omdurman ya fara aiki a 1940, a wani ɗan ɗaki na gidan waya, da kuɗin farfagandar Yaƙin Duniya na Biyu, ana sa lasifika a fili mutane su taru su ji labarin fagen fama. Shekara biyu bayan haka, a 1942, mace ta farko ta rera waƙa a wannan rediyo, kuma 'yar waɗancan baƙi ce. A'isha Musa Ahmad, wadda duniya ta sani da A'isha al-Fallatiya, an haife ta a yankin Kassala a gidan malami mai asali daga ƙasar Sakkwato. Ta fuskanci adawar gida da ta mawaƙa maza, ta yi wa sojojin Sudan waƙa a lokacin yaƙi, ta buɗe ƙofar da duk mawaƙiyar Sudan ta biyo baya ta shiga, ta rasu a 1974. Duk mai son kare Omdurman daga zargin wariya da ita yake fara kafa hujja, kuma hujjar tana da ƙarfi. Sai dai a dubi sharaɗin karɓar. An karɓe ta ne da Larabcin Omdurman, a salon waƙar Omdurman. Ita ta shiga gidansu ta zauna. Masu saurare ba su taɓa buƙatar shiga nata gidan ba.

Talabijin ya iso a ƙarshen 1962 da taimakon Jamus ta Yamma, aka gina shi kusa da rediyo a bakin kogi a Omdurman, shekarar da Kaduna ma ta sami nata, shekara uku bayan Ibadan. Tasha ɗaya ce, tana buɗewa da yamma ta rufe da dare, kuma a shekarun farko ba ta wuce biranen uku na Hartum da Bahri da Omdurman ba, sai a shekarun 1970 aka kai Wad Madani da Atbara. Akwatin yana da tsada, saboda haka gidan da ya mallake shi ya zama dandali: a fito da shi tsakar gida bayan magariba, a jera gadajen igiya da ake kira angareb, yaran unguwa su zauna a ƙasa. Kulob-kulob na unguwanni da na ma'aikata su ma suka sayi nasu. Lokacin da akwatin ya ci kuwa ba fanko ba ne, lokacin habboba ne, wato kaka, mai ba da tatsuniyoyin da Sudaniyawa ke kira ahaji, waɗanda Farfesa Abdullahi al-Tayyib ya tattara wasu a littafi. A cikinsu akwai gul, dodon da ya yi gaba da Fatima al-Samha, ɗan'uwan Dodon tatsuniyar Hausa mai tsare rijiya da auren 'yar mutane. Akwai kuma ba'ati, mamacin da ake cewa yana tashi daga kabari ya ci gaba da yawo. Wannan na biyun ya fi na tatsuniya haɗari, domin manya ma suna ba da labarinsa da gaske, kuma a irin waɗannan labarai kusan kullum mutanen wani yanki mai nisa ne ake jingina wa abin. Kowace al'umma tana ajiye dodonta a inda iliminta game da maƙwabci ya ƙare.

Barkwanci bai yi ƙaranci a Omdurman ba. An gina Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa a 1959, daga 1967 aka fara zangon wasanni a kai a kai a ƙarƙashin al-Faki Abdurrahman, a 1969 aka buɗe makarantar koyon kiɗa da wasan kwaikwayo. Al-Fadil Sa'id, wanda ya rasu a 2005, ya zagaye ƙasar da halittunsa, al-Ajab da tsohuwa Bit Gudem mai kaifin baki, kamar yadda Usman Baba Pategi ya riƙe Arewa da Samanja, Kasimu Yero kuma da Karambana. Hamadnallah Abdulƙadir ya rubuta Khutubat Suhair, wasan da ya tona yadda iyali ke ɓoye talaucinsu da asalinsu a gaban masu neman aure, kuma wannan ya matso kusa ƙwarai da ciwon da ake magana a kai. Daga Masar kuma fina-finai da wasanni suka yi ta kwarara, a gidajen silima irin su Coliseum ta Hartum da kuma ta akwatin. Misrawa ma sun taɓa wasa da dodannin Universal, domin a farkon shekarun 1950 Isma'il Yasin ya fito a fim ɗin Haram Alek yana karo da halittar Frankenstein, kwaikwayon wani fim ɗin Abbott da Costello na 1948. Amma a can dodo yana nan a dodonsa, ana gudunsa ana dariyar mai gudu. A silimar Masar ɗin nan dai Ali al-Kassar ya yi suna da fitowa a matsayin Usman Abdulbasit, Banube mai gurgun Larabci, kuma mai gadi ko kukun da ya fito daga kudu ya zama abin dariya na dindindin. Basudanen da ke kallo ya san ciwon wannan sarai. Abin takaici shi ne da ya juyo gida, barkwancinsa na yau da kullum ya ɗauki tsarin ya sauke a kan na ƙasa da shi: ɗan kudu, ɗan yamma, Bafallace, kowa da yadda ake kwaikwayon harshensa. Baƙo yana fitowa a wasa, amma daga bakin ƙofa ake hango shi, da idon masu gida.

Za a ce wannan tsanani ne, ai wasa tsakanin ƙabilu tsohon magani ne. Kanawa da Zagezagi suna yi, Fulani da Barebari suna yi, ba wanda ya zare takobi, kuma su kansu 'yan kogin Sudan, Ja'aliyyin da Shaigiyya da Rubatab, ba su bar junansu ba. Gaskiya ne, kuma wanda ya hana mutane taubasantaka ya hana su hanyar sauke fushi cikin raha. Sai dai taubasantaka tana da sharaɗi biyu: kowa yana da bakin ramawa, kuma ba wanda ke shakkar cewa abokin wasansa ɗan gari ne. Bazazzagin da Bakano ya tsokana ba ya zuwa ofis washegari a ce ya kawo shaidu huɗu kan inda aka haifi kakansa. Tashar talabijin guda ɗaya tilo, mallakar gwamnati, mai magana da harshe ɗaya, ba dandalin ramuwa ba ce. Wanda aka kwaikwaya a cikinta da daddare haka zai kwana da abin, ya tashi ya tarar yaran makaranta sun haddace. Mu ma ba mu tsira daga wannan ba, domin finafinan barkwancin Kano sun daɗe suna cin abinci da harshen Bagwari da na ɗan kudu da baƙauye, kuma da wuya a ga wanda ya zaunar da mai kallo a gidan ɗayansu har ya ga Bakano a matsayin baƙon da ya zo da abin mamaki.

Za a kuma ce begen tsohon talabijin ba shi da alaƙa da duk wannan, ƙuruciya kawai mutane ke kewa, da iyayen da suka rasu, da unguwar da ta watse. Akwai gaskiya babba a nan. Sudaniyawa suna kiran shekarun 1960 da 1970 al-zaman al-jamil, kyakkyawan zamani, kuma sun iya bege tun kafin talabijin, don tun a shekarun 1950 rediyon Omdurman ke da shirin Haƙibat al-Fann mai tono tsofaffin faya-fayai. A wannan ƙarnin tashar Blue Nile ta gaji sana'ar da shirin azumi na Aghani wa Aghani, inda al-Sir Gaddur, wanda ya rasu a 2022, ya riƙa zaunar da matasan mawaƙa suna rera waƙoƙin kakanninsu. Abin da ya biyo bayan wancan zamani ya ƙara masa kyau a ido. Bayan juyin mulkin Umar al-Bashir na 1989, dokar hana fitar dare da dokokin ɗa'ar jama'a suka kashe gidajen silima ɗaya bayan ɗaya, talabijin ya cika da shirin Fi Sahat al-Fida mai zuga matasa zuwa yaƙin kudu, masu hali suka kafa farantin tauraron ɗan'adam suka koma kallon tashoshin ƙasashen Larabawa. Fim ɗin Suhaib Gasmelbari na 2019, Talking About Trees, wanda ya ci kyauta a bikin Berlin, ya bi tsofaffin masu shirya fim huɗu suna fafutukar sake buɗe silima guda a Omdurman, hukuma tana ta yi musu yawo da hankali. Wanda ya rayu a wannan ƙunci yana da haƙƙin kewar zamanin da ake fito da akwati tsakar gida. Amma bege irin wannan ba ya tsayawa a zuciya, yana zama hujjar siyasa, ana cewa da can mu ɗaya ne, wasu ne suka zo suka raba mu. A shekarun da ake kira kyawawa yaƙin kudu na farko yana ci, bai tsaya ba sai da yarjejeniyar Addis Ababa ta 1972, kuma jikan mai hijira yana yawon neman takardar ɗan ƙasa. Ginin talabijin ɗin da ya haɗa unguwa dariya shi ne kuma ginin da kowane mai juyin mulki ke fara aika tankoki, daga Numairi a 1969 zuwa Bashir, har sanarwar Janar Awad Ibn Auf ta Afrilun 2019 da ta Janar Burhan a Oktoban 2021. Haɗin kan da tasha guda ke samarwa na gaske ne, amma wani ne ke zaɓen abin da za a haɗu a kai.

Suka mafi nauyi ita ce wadda ke komawa kan wasannin Amurkan kansu. Dodannin nan duk Turawa ne a ƙarƙashin kwalliya, baƙar fata kusan ba ya cikin unguwar tasu, kuma ya fi wa mai kallo sauƙi ya ƙaunaci maƙwabci mai koren fata wanda babu shi a duniya da ya yarda da baƙin da ke neman haya a layinsu. Ana iya cewa ma wasan ya ba mutane damar jin kansu masu haƙuri da bambanci ba tare da sun biya ko kwabo ba. Ba na jayayya da wannan. Wasan kwaikwayo bai taɓa soke doka ba, kuma dariyar rabin awa ba ta hana wariyar gidaje ci gaba a Amurka ba. Abin da nake riƙe da shi ƙarami ne amma tabbatacce: yaron da ya shafe shekaru yana zama a falon Herman ya koyi wani motsi na hankali, wato ya tambayi kansa yadda shi yake a idon wanda yake tsoro. Kwalliyar dodo ita ta ba da damar hakan a lokacin da masu tallata sabulu ba za su biya kuɗin a faɗi maganar a fili ba. Tatsuniya ma haka take aiki, ana sa wa Gizo da Ƙoƙi abin da ba a iya faɗa wa sarki. Omdurman tana da kayan aikin duka, tana da gul da ba'ati, tana da 'yan wasa irin al-Fadil Sa'id da marubuta irin Hamadnallah da Hashim Siddik, tana da unguwannin da kowane gida ke da labarin hijira. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hukumar da za ta ga amfanin juya kyamara ta fuskanci masu gida.

Kuɗin wannan rashi ba a gidan wasa aka biya shi ba. Tsarin mulkin wucin gadi na 2005 ya amince cewa dukan harsunan asali na Sudan harsunan ƙasa ne, amma a 2008 wata jarida ta danganta wa Bashir maganar cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne, fadarsa ta musanta, duk da haka zanga-zanga ta ɓarke a Gadarif da wasu garuruwan gabas. A Yulin 2022 rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, aka kashe mutum fiye da ɗari, dubbai suka bar gidajensu, Hausawa suka yi jerin gwano a Hartum da Kassala da wasu birane, a watan Oktoba kuma aka sake zubar da jini a Wad al-Mahi. Maganar da aka yi ta maimaitawa a lokacin ita ce ta 1948: baƙi ne, ba su da ƙasa, ko da kakan kakansu a nan aka binne shi. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin soja da dakarun RSF, ginin rediyo da talabijin na cikin wuraren da aka fara kai wa hari. RSF ta riƙe shi kusan shekara guda, tashar ta koma watsa shiri daga Port Sudan, sai a watan Maris na 2024 soja suka karɓe shi. A harabar ne ake ajiye da faya-fayan rediyo na tun shekarun 1940 da kaset-kaset na talabijin da dubban fina-finai, taskar da ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka. Wani ɓangare na kayan tarihin ƙasar an riga an kwafe shi zuwa kwamfuta kafin yaƙin, ta hannun shirin Sudan Memory, sauran kuma abin da ya tsira yana warwatse a YouTube da Facebook, inda 'yan gudun hijira a Alƙahira da Kampala da Jidda ke tura wa juna guntayen tsofaffin wasanni. Kashi 70 na The Munsters suna nan cif a hannun kamfanin da ya mallake su, an gyara hotonsu ana sayarwa, yayin da muryar A'isha al-Fallatiya ta dogara a kan wanda ya yi dabarar kwafe ta kafin Afrilun 2023.